Tagar Da Ban Rufe Ba

Shafi na 11

Ku yi haƙuri da shiruna na kwana biyu. Igiya ce ta tsattsaga mini yatsu, ko waya ba na iya dannawa da kyau.

Na ga saƙonninku. Masu cewa in ɓalle ƙofar ɗakin, na ji. Wadda ta ce da ita ce uban da tuni yarinyar ta fito, ke ma na ji, ban kuma ji haushi ba. Amma ƙofar ɗakin Fumika ko makulli ba ta da shi. Takarda ce da siririn katako, da yatsa ɗaya za ka ture ta. Ba ƙofa ce ta hana ni shiga ba.

Ga waɗanda suka shigo yau: Fumika 'yata ce, ita kaɗai muka haifa. Tun lokacin dashen shinkafa ta dawo daga Tokyo da jaka ɗaya, ta shige ɗakin ƙasa mai kallon lambu, ta ja ƙofa. Daga ranar ban sake ganin fuskarta ba. Uwarta, Yasuko, ke ajiye mata abinci a bakin ƙofa. A wurin maƙwabta kuwa, Fumika tana can Tokyo tana aiki a kamfani. Haka muka faɗa, haka muke ta maimaitawa.

Ranar Asabar muka wayi gari kan dutsen gabas ya yi fari da ƙanƙara. Kafin rana ta ɗaga, ƙarar katako da guduma ta cika unguwa.

Ina ɗaure takalmi na ji muryar maƙwabcinmu Kawu Endo daga bakin shinge.

"Shigeru! Kana raye, ko in koma in sako baƙar kwat ta jana'iza?"

"Ina raye, Kawu."

"To fito da katakon. Ƙugun nan nawa ya ce ƙanƙarar bana ba za ta jira malalata ba."

Tun zamanin mahaifina haka ake yi. Mu rufe tagogin gidanmu tare da katako don kada ƙanƙara ta fasa su, sannan mu tsallaka mu rufe nasa. Ya haura saba'in, amma har yau shi ke hawa tsani, ni ke miƙa masa. In na ce ya sauko in hau, sai ya ce mai ɗinke buhun shinkafa me ya sani game da sama.

Muka fara da tagar kicin. Ina miƙa katako, yana zura shi tsakanin ƙarafunan gefen taga, ɗaya bisa ɗaya, daga ƙasa har sama. In na ƙarshe ya zauna, ɗakin ya shiga duhu ke nan, sai ranar da ƙanƙara ta narke. Muka rufe ta falo, muka rufe ta wanka. Muka zagayo ta lambu.

Ƙafata ta tsaya da kanta.

"Wannan a bar ta tukuna, Kawu."

"A bar ta?" Ya ɗaga kai ya dubi rufin. "Nan ne fa rufinku ke sauke kayansa. Ka manta shekarar da ƙanƙara ta fasa gilashin nan ta shigo har kan tabarma?"

"Katakonta ne ya ruɓe. Zan yanko sabo."

Ya waiwaya bayan rumbu. Ga katakon can a jere, lafiyayye, har da rubutun mahaifina a jiki. Ya yi tari, ya gyara hula.

"Ruɓa kuwa. To, shi ke nan. Ai ɗakin ba kowa, ko ya fashe iska ce za ta kwana a ciki."

"Haka ne."

"Yaya ita 'yar Tokyon?" Sai ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma. "Ka gaya mata Kawu Endo ya ce sanyi ya shigo! Ta riƙa sa safa biyu!"

"Zan gaya mata. Ai ba sai ka yi ihu ba, Kawu."

"Kunnena ne. Tsufa."

Muka koma kan itatuwa. Muka kafa gora kewaye da 'yar bishiyar momiji da ke gaban tagar, irin wadda ganyenta ke rikiɗa ja gab da sanyi, muka ɗaure rassanta da igiyar karan shinkafa don kada nauyi ya karya su. Fumika ce ta tono ta a dawa tana 'yar aji uku, ranar da makarantarsu ta je kallon ganye lokacin da yake sauya launi. Cikin kwalin madara ta kawo ta, takalminta duk laka. Yanzu bishiyar ta fi ni tsawo. Bana ta yi ja irin wanda ban taɓa gani ba.

Ina ɗaure igiya ina satar kallon tagar. Labulen a buɗe yake, faɗin tafin hannu, kamar kullum.

Wannan 'yar kafar ce duk abin da ya rage mini. Kowace safiya kafin in tafi aiki nakan ɗauki tsintsiya in share gaban tagar. Wani lokaci ganyen ya ƙare, ƙasa tsirara nake sharewa. Wani lokaci labulen ya motsa. In ya motsa, ranar ina iya cin abincin rana.

Da yamma na samu Yasuko ƙarƙashin bakin rufi, tana rataye kanya, irin tamu ta Japan mai girman tumatir, a igiya don ta bushe. Layi-layi, duk an feraye su, sun yi kamar fitilu.

"Bana kin yi sauri da feraya," na ce. "Bara har ƙanƙara ta sauka ba ki gama ba."

Ta ce, "Me ya sa ka bar tagar?"

"Katakon ne..."

"Ni ce fa, Baban Fumika. Ba Kawu Endo ba."

Ta ci gaba, "Kowane gida a layin nan ya rufe. Gobe kowa zai wuce ya ga taga ɗaya a buɗe kamar haƙori ya fita. Me za ka ce musu?"

"In na rufe, duhu za ta zauna har bazara."

"Akwai lantarki."

"Lantarki ba rana ba ce. Mutum ya yi wata huɗu bai ga sama ba? Ko shuka aka yi wa haka mutuwa take."

"In gilashin ya fashe a kanta fa?"

"Na sani."

"To?"

"Na sani, na ce!"

Ta dubi bangon ɗakin, ta sa yatsa a baki. Muka rage murya. A gidan nan ko faɗa a raɗa muke yi.

"Gobe motar unguwa ta zuwa kallon ganye za ta tashi da safe," ta ce. "Mu biyun za mu je."

"Ki je ke kaɗai. Kallon ganye nake da shi?"

"Tun da muka yi aure ba mu taɓa fashi ba. Ka fasa bana, sai an tambaya. Ka sa hular nan mai kyau."

Na sa hular.

Tun kafin mu fita gari tsofaffin bayan mota suka buɗe giyar shinkafa. Aka fara miƙa makirufo ana waƙa. Matar Kawu Endo, Inna Tomeko, ta zauna gabanmu, ta juyo da leda cike da alewa.

"Yasuko, ɗauki biyu. Yaya Fumika? Aikin yana sauƙi?"

"Aiki ya yi musu yawa, Inna. Ƙarshen shekara ne."

"Kayya, 'yan Tokyo. Za ta zo sabuwar shekara?"

"Da wuya."

"To ba komai. Ta huta dai. Mutum in ya gaji ya huta, ba wanda ke binsa da agogo."

Yasuko ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na kafa ido a gilashin mota. Duwatsu kamar sun kama da wuta, ganye ja da ruwan ɗorawa har ƙasan kwari. Kowa na "Kai! Dubi can!" ana ɗaga waya. Ni abin da nake gani daban. Gajimare ne mai toka-toka yana tasowa daga yamma, da taga ɗaya a buɗe.

A bakin kogi aka kafa duwatsun murhu, aka ɗora babbar tukunya. Gwaza da nama da albasa, kamar kowace shekara, da gardamar kowace shekara kan wanda ya cika sukari. An miƙo mini kwano. Na riƙe shi har ya huce.

Kawu Endo ya dafa kafaɗata.

"Tashi mu nemo itace. Wutar nan ta kusa mutuwa."

Itace na jibge kusa da tukunya. Na tashi na bi shi duk da haka. Muka hau har kan jar gada, inda ƙarar ruwa ke danne magana. Ya jingina da ƙarfen gadar yana huci.

"Shigeru."

"Na'am, Kawu."

"Ni na ɗauke ka a kafaɗa ka ga wasan wuta na farko a rayuwarka. Ka yi mini fitsari a wuya. Don haka zan faɗa maka magana, in ka so ka ji haushi."

"Ina ji."

"Ka rufe tagar yarinyar nan yau. Rediyo ya ce daren nan ƙanƙara za ta fara. In ta kwana biyu tana zuba, rufin zai sauke ta, kuma shimfiɗarta na ƙarƙashin gilashin."

Na ji gadar ta motsa.

"Wace yarinya, Kawu? Fumika tana..."

"Tana Tokyo. Na sani. Tana Tokyo tana feraye kanya."



"Ka dubi kanyar da ke rataye a gidanka?" ya ce. "Kai, ka duba da ido? Sawun wuƙar ta hagu ya zagaya. Yasuko da dama take aiki. Bahaguwa ɗaya ce a layinmu, kuma Tomeko ce ta koya mata riƙe wuƙa tana 'yar mitsitsiya, suna zaune a dandamalinmu. Ranar da aka rataye layin farko Tomeko ta shigo gida tana kuka. Ta ce, tsoho, hannun yarinyar nan yana aiki, ta fara samun sauƙi."

"Tun... tun yaushe kuka sani?"

"Tun lokacin zafi. Gida mai mutum biyu ba ya shanya tawul uku."

"Su waye suka sani?"

Ya nuna bakin kogi da haɓa. Duk suna can kewaye da tukunya, ana dariya.

"Duka?"

"Har mai kawo wasiƙa."

"Amma kullum kuna tambaya yaya take a Tokyo!"

"To me za mu ce? Kun gina rumfa kun shige, mu zo mu zare muku ginshiƙi? Mun riƙe muku ne kawai." Ya share hanci. "Jiya da na yi ihun safa, ka zaci da kai nake?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Amma ba kunyar ce ta fi ci na ba. Wani abu ne ya biyo bayanta, a hankali, kamar ruwan sanyi cikin takalmi.

Kanya ba a feraye ta a ɗakin kwana. Ruwanta na ɓata tabarma. A kicin ake yi, kan jarida, kusa da famfo.

Na sauko daga gadar ban jira shi ba.

Na samu Yasuko can ƙasa da mutane, tsugune tana ɗauraye kwanuka. Na tsaya a kanta.

"Wa ya feraye kanyar?"

Hannunta ya tsaya cikin ruwa.

"Maman Fumika, da ke nake. Wa ya feraye?"

"Rage murya."

"Don wa? Kowa ya sani! Har mai kawo wasiƙa ya sani! Ni kaɗai ne ashe baƙo a gidana. Tana fitowa?"

Ta ajiye kwanon a kan dutse.

"Tana fitowa."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka fara girbi."

"Kicin?"

"Kicin. Wani lokaci falo."

"Tana magana?"

"Kaɗan."

"Tana... tana dariya?"

"Sau ɗaya. Kyanwar su Inna Tomeko ce ta faɗa cikin bokiti."

Na zauna a kan dutse. 'Yata ta yi dariya a gidana, ina can ina ɗinke buhu.

"Ta rame?"

"Ta ɗan rame. Gashinta ya yi tsawo."

"Yaushe take fitowa?"

Yasuko ta kalli ruwa.

"In ta ji tashin motarka. Kafin ka dawo ta koma."

"Ranar Lahadi fa? Ina gida ranar Lahadi."

"Ranar Lahadi ba ta fitowa."

 

"Me na yi mata?" na ce. "Ki faɗa mini. Na taɓa ɗaga mata hannu? Na taɓa tambayarta me ya koro ta? Ko sau ɗaya na ce ta koma? Ranar da ta sauka a tasha ni na karɓi jakar, ban ce komai ba sai sannu da hanya."

"Ba ka yi komai ba."

"To don me?"

"Baban Fumika, ka bar maganar nan sai mun je gida."

"Ba zan bari ba."

Ta share hannu a jikin rigarta. Idonta ya ciko.

"Fuskarka ce."

"Fuskata?"

"Ta ce ni in na dube ta, tana ganin uwa mai faɗa, za ta iya da wannan. Kai kuwa in ka dube ta, kamar mutumin da gidansa ya ƙone yana tsaye yana kallon toka. Ta ce a tasha ka yi mata wannan kallon. Ta ce ba ta iya ɗaukar nata ta ɗauki naka."

"Damuwa ce kawai. Ubanta ne ni."

"Ta sani. Shi ya sa."

Iska ta taso, ganye suka zubo mana, jajaye, wasu suka bi ruwa. Can sama wani ya fara waƙa ana tafa masa.

"Labulen fa?" na ce. "Kullum tana bar mini shi a buɗe. Wani lokaci har ya motsa. Tana kallona ina shara."

Yasuko ta rufe baki da hannu.

"Faɗa mini."

"Bishiyarta take kallo. Da safe rana na bugun ganyen, shi take so ta gani. In ka zo da tsintsiya sai ta ja baya ta zauna a lungu har ka tafi. Motsin da kake gani, sakin labulen ne."



"Ita ta ce a rufe tagar," in ji Yasuko, da ƙyar nake jin ta. "Tun makon jiya. Ta ce, Mama, ki ce wa Baba ya rufe. In ya rufe zai daina tsayawa cikin sanyi yana share ƙasar da ba komai. Ta ce tarinka na safe tana jin sa har ƙirjinta."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ta ina zan fara? Kai da wannan kafar labulen kake rayuwa."

Na miƙe. Na cire hular mai kyau na ba ta ta riƙe, ban san dalili ba.

"Ina za ka?"

"Gida."

"Motar sai an gama hotuna..."

"Akwai ta haya a bakin titi."

"Baban Fumika, kada ka shiga ɗakin. Don girman iyayenka."

"Ba zan shiga ba. Taga zan rufe."

Kafin in sauka daga mota sama ta haɗe. Ruwa ne ya fara, sannan ya koma wani abu tsakanin ruwa da ƙanƙara, mai shiga wuyan riga. Unguwa tsit, kowa na bakin kogi. Gidaje duk sun rufe ido da katako.

Da na tura ƙofar shinge na ji gudu a cikin gida. Ƙafa marar takalmi kan katako, daga kicin zuwa ɗaki. Sai ƙarar jan ƙofa.

Na tsaya. Wata shida ban ji tafiyar 'yata ba. Har yanzu da diddige take dukan ƙasa, kamar tana yarinya.

Ban shiga gidan ba. Na bi ta ƙarƙashin bakin rufi, na tsaya gaban kanya. Na kama ɗaya na juya ta. Ga sawun wuƙar kuwa, ya zagaya ta hagu, siriri, bai ci nama ba. Kullum ta nan nake wucewa.

Na kwaso katakon daga bayan rumbu. Na jingina tsani. Labulen na nan a buɗe, faɗin tafin hannu. Ban kalli ciki ba. Na kafa idona kan hannuna.

Na zura na farko. Ya sauka ya zauna da ƙara.

Na zura na biyu.

Ina so in yi magana, in ce ni ne, kada ki tsorata, aiki kawai nake. Na ji tsoron muryata ma tana da irin fuskar.

Katako na hawa, gilashi na raguwa. Bayana bishiyarta na zubar da ganye kan laka. Na tuna daga yau ba za ta ƙara ganin ta ba sai ta yi tsirara ta sake toho. Na tsaya, na sauko, na tsinko ganye ɗaya mafi ja. Na hau, na manna shi jikin gilashin daga waje, inda ruwa ya jiƙa. Ya zauna. Na san wauta ce, a duhu wa zai gan shi. Na bar shi.

Saura katako ɗaya, na can sama. Na hau mataki na gaba, na ɗaga shi da hannu biyu, na saita bakinsa da ƙarfe.

Sai na ji gilashi ya zame.

Kaɗan. Iskar ɗaki mai ɗumi ta bugi goshina.

Hannu ya fito ta kafar da ta rage, ya kama gefen katakon. Hannun hagu. Yatsun sun yi baƙi da ruwan kanya, farcen a gutsure.

Ban sani ba ko turewa take ko ja.

"Baba."

Muryar ta dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Kada ka ɗago kai. In ka dube ni zan saki."

Na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji. Ina kallon takalmina a kan tsani. Ruwan ƙanƙara na gangara mini ta wuya.

"Ban ɗago ba," na ce.

"Kada ka ce komai kuma."

Na gyaɗa kai.

"Ka sa ganye."

Na sake gyaɗa kai.

"Wauta ce."

Na gyaɗa. Na ji wani sauti daga ciki, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Hannuwana sun fara rawa da nauyin katakon, amma ko za su tsinke ba zan sauke ba.

"Akwai abin da ko Mama ban gaya wa ba," ta ce. "Na Tokyo. Na gwada, ya ƙi fita. Ina ga... ina ga in ba ka kallona, zan iya. Ka tsaya haka. Kada ka motsa."

Na tsaya haka.

Ta ja numfashi. Na ji shi ta cikin katakon.

"Ranar da na bar aiki, ba ni na..."

Ƙarar babbar mota a bakin layi. Ƙofarta ta buɗe, hayaniya ta zubo, dariya da sallama da ƙarar murfin tukunya. Ruwan ne ya koro su da wuri.

Ƙofar shingenmu ta yi ƙara.

"Shigeru!" Muryar Kawu Endo ce, ta cika lambu. "Ka gudu ba ka ci ba! Ga ragowar gwaza, Tomeko ta ce rabonku na mutum uku ne, kuma da kanta za ta miƙa! Kana ta baya ne?"

Na ji Yasuko tana cewa, "Kawu, tsaya, kawo in karɓa, Kawu..." Na ji takun takalman roba kan tsakuwa, ba na mutum ɗaya ba, suna zagayowa ta kusurwar gida.

An ce kada in ɗago. An ce kada in yi magana. An ce kada in motsa.

Ina kallon takalmina, na ji nauyin katakon yana dawowa hannuna. Yatsunta ne ke zamewa, ɗaya bayan ɗaya.

Saura ɗan ƙaramin yatsan.